Sunaye Biyu a Bakin Kawu Carlyle

Anti Verna,

Don girman Allah ki karanta wannan kafin Asabar, ki ba ni amsa ko da layi biyar ne, domin kaina ya kulle. Ranar Asabar da rana kwamitinmu zai zauna ya yanke ko a sallami wani dattijo daga aikin da ya ba rabin rayuwarsa, kuma dokar da za a kore shi da ita, ni na rubuta ta da hannuna. Mu biyar ne a kwamitin. Biyu sun ce ya tafi, biyu sun ce ya zauna, saura ni. Na sauya sunayen mutane duka, ke ma in kin ga abin da zai tona wani ki sauya shi kafin ki buga a shafinki na ba da shawara.

Ni ce mai kula da wata ƙaramar ƙungiya a nan Point Fortin, muna koya wa yara kiɗan gangar ƙarfe bayan an tashi makaranta. Kada ki ɗauka wani babban wuri ne. Fili ne da rumfar kwano, da gangunan da muka gada, da firji guda mai ƙugi. Ni ko sandar kiɗa ban iya riƙewa ba. Ni ce mai maɓalli, mai dafa zoɓo, mai kiran iyaye, mai neman motar da za ta kai mu gasar yara kafin Kanibal, bikinmu na shekara na kiɗa da rawa a titi. Mai koyarwa shi ne Kawu Carlyle. Ba kawuna ba ne, kawun kowa ne, ya haura saba'in, kuma iyayen rabin yaran nan a hannunsa suka koya. Ba ya amfani da takarda. Ya buga, yaro ya kwaikwaya, in yaro ya ɓata ya doki gefen ganga da sanda kowa ya tsaya, sannan bakinsa ya fara aiki. Anti, bakin nan ba shi da linzami.

Kin san yadda filin kiɗa yake. Ba wanda ake kira da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Yaro zai yi sati biyu, uku, Kawu bai ko dube shi ba, sai ranar da ya lura da shi, ranar zai samu laƙabi, kuma daga ranar ya zama ɗan gida. Muna da Tsinke, muna da Rediyo wadda ba ta rufe baki, muna da Sai-Gobe wanda bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Ni kaina Gwamnati yake kirana, wai ina son kafa doka. Yara na zolayar juna tun daga bakin ƙofa har a tashi, su ƙwace wa juna abinci, su ɓoye wa juna sanduna. Da haka muka taso, ni ma ban taɓa ganin aibinsa ba.

Bara muka zauna a kwamiti muka dubi filinmu, muka ga 'ya'yan unguwa ɗaya ne kawai a ciki, alhali bayan kasuwa cike yake da iyalan Venezuela da suka ƙetaro ruwa, yaransu na yini a ɗakin haya ba abin yi. Muka ce a'a, ƙungiyar ta yaran gari ce gaba ɗaya. Shugabar kwamiti, Misis Seepersad, tsohuwar shugabar firamare ce, ita ta tsaya tsayin daka a kan wannan. Muka zuba siminti a bakin ƙofa saboda keken guragu, muka sa aka rubuta sanarwa da Sifaniyanci, ni da ita muka bi gida-gida. Yara shida suka zo. Kuma kada ki ji na ambace ta ki ɗauka muguwa ce. Matar nan da motarta take mayar da yaran nan gida duk ranar kiɗa, ba wanda ya sa ta.

Ba a jima ba aka yi ɓarna. Shenelle, 'yar shekara sha biyar, wadda ta fi kowa hannu a sahun gaba, ta kira ɗaya daga cikin baƙin da sunan nan da maza ke jifan matan Venezuela da shi a ƙofar mashaya. Ba zan rubuta shi ba, kin san shi. Uwar yarinyar na tsaye a bakin ƙofa, kuma kalmar nan ba ta buƙatar tafinta. Ta kama hannun 'ya'yanta biyu ta fita, har yau ba su dawo ba. Muka dakatar da Shenelle, ta rasa gasar shekarar. Ni kuma na zauna na rubuta doka: daga yau ba laƙabi a filin nan, kowa da sunansa na yanka, wanda ya karya a gargaɗe shi, in ya sake ya bar mana fili, yaro ne ko babba. Kwamiti ya amince baki ɗaya. Kuma har gobe ban ce na yi kuskure ba, Anti, duk wanda ya ga fuskar matar nan zai rubuta abin da ya fi wannan.

To amma ga abin da ya biyo baya. Tsofaffin yara ba su daina kiran juna Tsinke da Rediyo ba, murya kawai suka rage in na matso. Baƙin ne kaɗai aka bi doka a kansu, kuma aka bi ta tsaf. Sannu Yusmary. Don Allah Yusmary, ki ɗan matsa. Na gode Yusmary. Kamar a banki! In an fita shan iska kowa na wawar abincin kowa, su kuwa nasu ba mai taɓawa. Ba mai ɓoye musu sanda. In suka nufo gungu, dariya ta mutu, kowa ya gyara tsayuwa, don kowa ya ga abin da ya samu Shenelle. Shi kansa Kawu in ɗayansu ya ɓata kiɗa ba ya tsawa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Gwamnati, zo ki gaya wa baƙinki cikin ladabi wai an yi kuskure." Ina jin haushi, amma me zan kama shi da shi? Uku daga cikin huɗun da suka rage suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kawo ƙara, sun daina zuwa ne kawai.

Yusmary kaɗai ta rage, 'yar sha huɗu, siririya, mai kunne kamar me. Wata rana ina kulle firji ta zo ta tsaya a bayana da Turancinta na tsince-tsince ta ce, "Mis, a nan ba wanda ya taɓa zagina." Ni da wauta na ɗauka godiya take yi, har na washe baki na ce ai haka muke so. Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Me na yi musu? A gidanmu wanda ba a tsokana shi ne wanda ake jira ya tafi." Na ba ta kofin zoɓo kamar wata sakara, ta sha ta tafi.

Sai ranar da abin ya faru. Yarinyar nan tana da hali guda, in an zo wurin da kiɗa ke gudu sai ta riga kowa, ta bar sahu a baya. Ranar ta yi, aka sake, ta kuma yi. Kawu ya doki gefen ganga har sai da na zabura, ya nuna ta da sanda ya ce, "Ke! Motar Asibiti! Wa zai mutu? Ina za ki da mu?" Yara suka juyo suna kallona. Ita kuwa ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta na rawa, na ce shi ke nan kuka take yi. Ashe dariya ce. Ta sauke hannu ta ce, "Kai ne za ka mutu, Kawu, in ba ka ɗaga ƙafa ba." Kai! Rediyo har ƙasa ta zube. Kawu ya juya baya yana tari na ƙarya don kada a ga haƙoransa.

Tun daga ranar, in ta shigo sai yara su ɗauki jiniya da baki, ta bi su da gudu. An cinye mata abinci ya fi a ƙirga, ita ma ta cinye na mutane. Ta shafa jan fenti a sandunanta. Jiya na ji ta tana koya wa Sai-Gobe zagi da Sifaniyanci, na yi kamar ban ji ba.

Matsalar ita ce ranar farkon nan Misis Seepersad na bakin ƙofa da maɓallin mota a hannu, ta ji komai. Ta kira Kawu gefe ta gargaɗe shi, yadda doka ta ce. Da aka sake haɗuwa, mutumin nan ya jira sai da ta shigo, ya dubi tsabar idonta, ya ɗaga murya ya ce, "Motar Asibiti, zo sahun gaba." A gaban yara! Karo na biyu ke nan. Ita kuma ta ce ba ta yi shekara talatin tana shugabar makaranta don wani tsoho ya mai da ta abin dariya ba, kuma hukuncin da ya cinye yarinya ba zai ƙyale babba ba. Uwar Shenelle ta tare ni a kasuwa, a gaban masu kifi, ta ce, "Kalma ɗaya 'yata ta faɗa kuka hana ta gasa. Ina nan na zuba ido in ga ko dokar taku ta 'ya'yan talakawa ce kawai." Na so in ce mata kalma da kalma akwai bambanci, amma mutane sun taru, sai na ɗauki kifina na wuce.

Har nan, Anti, na san inda zan jefa ƙuri'ata. Na ce Kawu zai zauna, duk mai fushi ya yi. Sai Kadisha ta rusa mini komai.

Kadisha shekararta sha shida, ita ke buga manyan gangunan baya, tun tana 'yar tara take zuwa. Shiru-shiru ce, ba ta fashi, ba ta rigima. Ta fi kowa duhun fata a filin, kuma tun makonta na farko Kawu ya sa mata Gawayi. Shekara bakwai ke nan. In an kira ta tana amsawa, har da murmushi. Shekaranjiya ina wanke kofuna ta zo ta ɗauki tsumma tana goge mini, ba ta dube ni ba ta ce, "Mis, in Kawu ya zauna, dokar ta mutu ke nan?" Na ce me ya sa kike tambaya. Ta ce, "Tun da kika kafa ta nake jin sunana a filin nan, ko da in kina kusa ne kawai. Ranar farko da aka ce Kadisha ban ma waiwaya ba." Ta goge kofi ɗaya har ya kusa hujewa, sannan ta ce, "Na jefar da man nan." Na ce wane mai? Ta nuna mini wuyanta, inda fata ta yi dabbare-dabbare. Man bilicin, Anti. Tun tana sha uku take saye a ɓoye. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, musamman Kawu, wai ba ta so ya ji ba daɗi.

Ba ta so ya ji ba daɗi! Ina ta maimaita wannan a raina.

Na je gidan Kawu na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana gyaran ganga da guduma. Na ce ya zo ranar Asabar ya ba Misis Seepersad haƙuri a wuce wurin. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Gwamnati, ba zan iya koya wa yaron da nake tsoron yi wa tsawa ba. Kun kawo mini yara shida kun naɗe su a auduga, saura guda, ita ma ni na riƙe muku ita." Na ce to, a duk shekarun nan ba ka tunanin akwai sunan da ya taɓa yi wa wani yaro ciwo? Ya ajiye guduma ya ce, "A filina? Wa ya taɓa kuka? Dukansu dariya suke yi." Maganar Kadisha ta zo mini har leɓe na haɗiye ta, saboda na yi alkawari. Na fito raina a ɓace, ban ko yi masa sallama ba.

Yanzu ga inda nake. In na ce ya tafi, rabin yaran za su bi shi babbar ƙungiyar da ke ƙetaren gari, kuma can ba sa ɗaukar yaron da ba ya makaranta, Yusmary ba ta da wurin zuwa. Za ta zauna a filinmu kowa na kallonta a matsayin wadda aka kori Kawu saboda ita, kuma na san ba za ta yi wata guda ba. In na ce ya zauna, doka ta zama wasa, ranar kiɗa ta gaba wani zai ƙwala Gawayi daga wancan gefen fili, yarinyar nan ta yi murmushi ta amsa. Misis Seepersad ta ce za ta ajiye shugabanci, uwar Shenelle kuwa za ta yi yawo da ni a gari. Mijina ya ce in kwanta rashin lafiya ranar Asabar. Na kusa jifansa da ludayi, amma ban ɓoye miki ba, na yi tunanin hakan.

Mun buɗe ƙofa ne don kowa ya samu wuri, sai ga shi duk inda na juya yarinya ɗaya zan tura waje. Ina son tsohon nan, ina kuma jin kamar in shaƙe shi. Ki taimake ni, wace zan zaɓa?

Taki cikin damuwa,
Gwamnati, Point Fortin

*

Gwamnati,

Na farko dai, ki gaya wa maigida lafiyarki ƙalau ranar Asabar. Za ki je zaman nan, amma ba za ki je ki zaɓi ɗaya daga cikin yaran nan biyu ba, domin tambayar da aka ajiye wa kwamitinku ba ita ce tambayar ba. Ana shirin hukunta Kawu a kan sunan da ya yi amfani, alhali sunan da ya yi ɓarna ba wanda ya san da shi sai ke.

Dokarki ba mugunta ba ce. Uwa ta ji an zagi 'yarta da kalmar ƙofar mashaya, dole a yi wani abu, kuma kin yi. Kadisha shaida ce cewa dokar ta yi aikin da ba ki ma san tana yi ba. Inda ta gaza shi ne ta zuba abubuwa biyu a kwando ɗaya. Motar Asibiti suna ne da ya fito daga abin da yarinya ta yi da hannunta, ma'anarsa na saurare ki, na san yadda kike kiɗa, kuma tana da bakin ramawa, ta kuwa rama. Gawayi ya fito ne daga fatar da aka haife ta da ita, ba ta da abin da za ta gyara a ciki, shi ya sa ta je ta nemi mai. Kalmar Shenelle ma daga wannan gefen take. Yaranku sun ji tsoron dokar, sai suka yi abin da ya fi sauƙi, suka janye jiki daga baƙin gaba ɗaya. Ladabin banki ya kori uku ba tare da an zagi kowa ba.

Kafin Asabar, Kadisha za ki fara nema, ba Kawu ba. Ba ki faɗa mini da wane suna ke kanki kika riƙa kiranta a shekarun nan bakwai ba, ni kuma ba zan tambaya ba, amma ki fara da ba ta haƙuri na kanki. Sannan ki gaya mata gaskiya: ba za ki iya kare ta da baki a rufe ba. Ki nemi izininta ki gaya wa Kawu cewa ba ta son sunan. Wannan kaɗai. Maganar mai da wuyanta sirrinta ne, ba na kwamiti ba, ba na Kawu ba, sai dai ki lallaɓa ta ta nuna wa mahaifiyarta ko ma'aikaciyar asibiti, domin man nan yana lahani. Kada ki tsayar da ita gaban tsohon nan ta yi bayani, ba ita ta jawo matsalar ba. In ta ƙi ba da izini, ki girmama hakan, ki je masa da maganarki ke kaɗai, ki ce ke ce ba za ki ƙara jin an kira yaro da launin fatarsa a filinki ba. Ba kya buƙatar shaidar kowa kafin ki faɗi wannan.

Daga nan ki koma ƙarƙashin mangwaron. Ki fara da ba shi gaskiyarsa, domin yana da ita: shi ya riƙe muku Yusmary, kuma ya ga abin da ku biyar ba ku gani ba. Sannan ki ba shi sauran. Yarinya 'yar shekara tara in babban da take ganin girmansa ya sa mata suna a gaban jama'a, dariya za ta yi, don ba ta da wata hanya. Ya haura saba'in, ya isa ya san wannan. Ki ce masa za ki tsaya masa ranar Asabar bisa abu biyu, ya ajiye Gawayi har abada shi da duk filin, ya kuma ba Misis Seepersad haƙuri. Haƙurin ba na Motar Asibiti ba ne, na raina ta da ya yi a gaban yara ne, wannan kuwa rashin kunya ce ko daga bakin wa ta fito. Ina kyautata zaton zai yi borin kunya, ya buga guduma, sannan ya yarda, don mutumin da ya lura yarinya tana riga sahu ba makaho ba ne. Amma in ya ji komai ya ce shi dai Gawayi zai ci gaba da kira, to ki jefa ƙuri'ar korarsa hankalinki kwance. A lokacin kin kore shi ne a kan abin da ya cancanta, kuma ki faɗa a fili cewa ba ruwan Yusmary a ciki.

Misis Seepersad kuwa kada ki bari sai a teburin taro. Ki same ta a gida. Matar da ke ɗaukar yaran nan a motarta ta fi kowa sanin kujerun da suka zama wayam. Ki gaya mata abin da Yusmary ta ce miki a gaban firji, kalma da kalma, ki tambaye ta ko don wannan kuka bi gida-gida. Ba doka take karewa ba, yaran take karewa, sai kuma mutuncinta da aka taɓa. In an biya ta mutuncin, ina ganin za ta saurare ki. Abin da za ki kawo wa kwamiti shi ne a gyara dokar kafin a hukunta kowa da ita. Suna a kan fata, ko ƙasar mutum, ko jikinsa, ko harshensa, babu shi, kuma hukuncinsa na nan daram. Sauran sunaye mai su ke da iko da su: duk yaron da ba ya son nasa ya raɗa miki a kunne, ba sai ya ba da dalili ba, ke ki kashe sunan. Ki zaunar da yaran su taya ku tsara ta, za ki sha mamakin yawan waɗanda ke ɗauke da sunan da suka gaji da shi. Amma kada a kira Yusmary gaban kwamiti ta ba da shaida, kada a ɗora wa yarinya baƙuwa nauyin makomar dattijo.

Uwar Shenelle tana da hujja rabi, don haka kada ki ƙara guje mata a kasuwa. Ki je gidanta ki gaya mata a nutse abin da ya bambanta kalmar 'yarta da ta Kawu, ki kuma gaya mata cewa shi ma an sa shi ya ba da haƙuri. Shenelle ta rasa gasa, ta biya. Ki buɗe mata hanyar dawowa, ki tafi da ita gidan matar da ta janye 'ya'yanta ta nemi afuwa da bakinta. Wataƙila su dawo, wataƙila su ƙi, wannan nasu ne. Ki leƙa ukun da suka zame su ma, kuma in za ki, ki tafi da Rediyo da Yusmary, sun fi ki iya gayyata.

Ba zan yi miki alkawarin kowa zai fita daga zaman nan yana murna ba. Amma ki lura da abu ɗaya. Yusmary ta jira watanni a ba ta suna, Kadisha ta jira shekara bakwai a mayar mata da nata, kuma duk biyun a bakin mutum ɗaya suke jira. Don haka ba ranar Asabar za ki san ko kin yi nasara ba. Ranar kiɗa ta gaba ki bar wankin kofi, ki tsaya kusa da gangunan baya ki kasa kunne. Ba so nake ya koma yi mata ladabin banki ba, wannan ma wata korar ce. In ta ɓata kiɗa kika ji ya doki gefen ganga ya daka tsawa, "Kadisha! Barci kike yi?" to ki je ki zuba wa tsohon nan zoɓo a babban kofi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa ku fita daga zaman nan da yaranku duka. Ki gaishe mini da Motar Asibiti, ki ce ta ɗan rage gudu.

Taki,
Anti Verna